Kazarka Mai Gadin Gidanka Ce

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Tondibiya da kewaye,

Kun san sauro yana kawo masassara. Amma ba masassara iri ɗaya yake kawowa ba. Akwai wadda ake kira masassarar Nilu ta Yamma. An fara gano ta a ƙasar Yuganda cikin shekarar 1937. Cuta ce ta tsuntsaye, sauro ne ke kai ta ga mutum.

Yaya take tafiya?

Sauro ya ciji tsuntsu mai cutar, ya ɗauki ƙwayarta, ya kai wa wani tsuntsu. Wata rana sai ya ciji mutum, ko doki. Mu nan bakin kogin Isa muke. Ga fadamun shinkafa, ga garake, ga ruwa kwance. Shamuwa tana zuwa da damana. Wasu tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai, su yi sanyi a bakin ruwanmu. Inda ruwa da tsuntsu da sauro suka haɗu, sai a sa ido.

Cikin mutum 5 da suka kamu, 4 ba su jin kome. Ɗaya yana yin masassara da ciwon kai. Wajen mutum 1 cikin 150, cutar takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Tsofaffi sun fi shiga haɗari. Har yanzu babu allurar rigakafinta ta mutane.

Me ya sa ake duba tsuntsaye?

Domin su ne suke fara ba da labari. A shekarar 1999 cutar ta shiga birnin Niyok na Amurka. Hankaki suka yi ta faɗuwa matattu. Daga baya aka gane abin da ke kashe su shi ne ke kwantar da mutane.

Babbar kaza kuwa, in sauron ya cije ta, ba ta kwanciya. Amma alamar cutar tana zama cikin jininta. Malamin kiwo yakan ɗibi jini kaɗan a ƙarƙashin fiffikenta, a kai ɗakin bincike. In an ga alamar, an san sauro mai cutar yana yawo a garin. Sai a faɗakar da jama'a tun da wuri.

Kada ka ɓoye kajinka

Wasu suna tuna murar tsuntsaye ta 2006 a Magarya, lokacin da aka kashe kaji. Wannan dabam take. Ba a kashe kaza saboda ita. Kazar ba ta ba ka cutar, dafaffen namanta da ƙwanta ba su da laifi. Ana ɗibar jininta, a mayar maka da abarka.

Ga abin da za ka yi:

1. In ka ga tsuntsaye suna mutuwa a gona ko bakin kogi, kada ka taɓa su da hannu. Ka hana yara ɗauka ko gasawa. Ka shaida wa mai gari da malamin kiwo ranar nan.
2. In dokinka yana tangaɗi, ƙafafunsa na baya suna saki, ka kai labari.
3. Ka zubar da ruwan da ya kwanta cikin gwangwani da tsofaffin tayoyi. Ka cike ramin ruwan wanka na bayan gida.
4. Kowa ya kwana cikin sange, har kaka da jika.
5. Mai masassara da sandarewar wuya, ko ruɗewar hankali, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.