Sharhi: Yadda batun horo kafin yawo da bindiga ya raba kan jihohin Amurka

Mutumin da ke son yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafinsa a jihar New York ta Amurka, sai ya zauna a aji na tsawon sa'o'i 16, sannan ya yi wasu sa'o'i 2 yana harbi da harsashi na gaske a gaban mai koyarwa, kafin a ba shi lasisi. A jihar Texas kuwa, tun daga ranar 1 ga Satumban 2021, duk baligin da ya kai shekara 21, wanda doka ba ta haramta wa mallakar makami ba, yana iya soke bindigarsa a ƙugu ya shiga kasuwa ba tare da lasisi ko darasin minti ɗaya ba. Jihohin biyu kuma suna ƙarƙashin kundin tsarin mulki guda ne.

Kusan duk masu jayayya kan lamarin sun yarda cewa horo abu ne mai kyau. Inda suka rabu shi ne ko gwamnati na da ikon mayar da shi sharaɗi, da kuma iyakar da sharaɗin zai kai kafin ya zama tauye haƙƙi.

Tushen taƙaddamar

Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya kare 'yancin jama'a na mallaka da ɗaukar makami. A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa wannan 'yanci ne na kowane mutum a ƙashin kansa, musamman domin kare kai a cikin gida. Saɓanin Nijeriya, inda dokar makamai ke hannun gwamnatin tarayya kaɗai, a Amurka kowace jiha ce ke tsara ƙa'idojin fita da bindiga cikin jama'a.

Ranar 23 ga Yunin 2022 kotun ta ƙara faɗaɗa 'yancin. A shari'ar da ake kira Bruen, alƙalai 6 daga cikin 9 suka soke wata tsohuwar ƙa'idar New York, wadda ta wajabta wa mai neman lasisi ya nuna dalili na musamman da ya sa yake buƙatar fita da bindiga. Mai shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin. Sai dai kotun ba ta haramta lasisi ba. Ta bayyana cewa hukuncin bai shafi tsarin jihohi 43 da ke ba da lasisi ga duk wanda ya cika sharuɗɗa bayyanannu ba, irin su binciken tarihin laifi da darasin kiyaye haɗari. Amma ta bar ƙofa a buɗe ga ƙararraki idan jinkiri mai tsawo ko kuɗi mai yawa suka hana talakawa cin moriyar haƙƙinsu. Kotun ba ta faɗi adadin sa'o'in da suka yi yawa ba, kuma a nan ne rigimar ta samu wurin zama.

Hanyoyi biyu

Bayan hukuncin, jihohin da jam'iyyar Democrat ke da rinjaye suka ƙara tsaurara sharuɗɗa. Gwamna Kathy Hochul ta New York ta sa hannu kan dokar sa'o'i 18 ɗin ranar 1 ga Yulin 2022, kwanaki takwas kacal bayan hukuncin. California ta ɗaga mafi ƙarancin horo ga sababbin masu nema zuwa sa'o'i 16 daga farkon 2024. Illinois da Maryland ma suna neman sa'o'i 16.

Jihohin da 'yan Republican ke iko da su kuwa sun bi wata hanyar. Vermont dai ba ta taɓa neman lasisi ba. Alaska ta soke wajabcinsa a 2003, Arizona ta bi sahu a 2010. Florida ta shiga jerin a 2023, sannan South Carolina da Louisiana a 2024, abin da ya kai adadin jihohin zuwa 29, wato fiye da rabin jihohi 50 na ƙasar. Akwai kuma na tsaka-tsaki: Pennsylvania na ba da lasisi ba tare da neman horo ba.

Hujjar masu neman horo

Ƙungiyoyi irin su Everytown da Giffords, tare da wasu shugabannin 'yan sanda da suka yi adawa da dokar Texas, suna cewa bindigar da ta fita daga gida ta daina zama al'amarin mai ita shi kaɗai. Harsashin da ya kuskure ɓarawo a tashar mota yana iya samun yaron da ke wucewa. Suna kwatanta lamarin da tuƙi, inda ba a barin kowa ya hau titi sai ya ci jarrabawa.

A cewarsu, muhimmin abin da ake koyarwa a aji shi ne doka: lokacin da aka halatta wa mutum ya harbi wani domin kare rai, wuraren da aka hana shiga da makami, yadda ake kwantar da rikici kafin ya kai ga zare bindiga, da yadda ake adana ta nesa da yara. Wanda bai san waɗannan ba yana iya hallaka wani, shi kuma ya ƙare a gidan yari. Alkaluman hukumar kula da cututtuka ta Amurka sun nuna mutum 48,830 ne suka mutu ta sanadiyyar bindiga a 2021, kuma fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Shi ya sa darasin New York ya haɗa da batun hana kisan kai.

Hujjar masu adawa

Ƙungiyar NRA, wadda aka kafa a 1871 domin koyar da iya harbi, tana cikin manyan masu horas da jama'a a ƙasar, amma tana goyon bayan soke wajabcin lasisi. Masu wannan ra'ayi suna cewa tuƙi alfarma ce da gwamnati ke bayarwa, ɗaukar makami kuwa haƙƙi ne da ke rubuce a kundin tsarin mulki. Suna tunatar da yadda wasu jihohin kudu suka taɓa amfani da jarrabawar karatu da harajin zaɓe wajen hana baƙar fata jefa ƙuri'a, har sai da aka haramta su a shekarun 1960.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta aljihu. A birnin New York kuɗin neman lasisi kaɗai dala 340 ne, ban da na darasi, harsasai, ɗaukar zanen yatsa da ranakun aikin da mutum zai rasa. Attajiri ba zai ji nauyin wannan ba. Amma mai aikin dare da ke zaune a unguwar da ake yawan fashi, ko matar da ke gudun mijin da ya yi barazanar kashe ta, su ne sharaɗin zai fi dannewa, alhali su suka fi buƙatar kariya. Ɗan fashi kuma, in ji su, ba ya zuwa aji tun farko.

Abin da bincike ya nuna

Masana ma ba su zama baki ɗaya ba. John Lott ya daɗe yana cewa yawaitar bindiga a hannun masu bin doka tana rage laifi. John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa kuwa sun wallafa a 2019 cewa laifukan tashin hankali sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin 100 shekaru goma bayan jihohi sun sassauta ba da lasisi. Sai dai wannan bincike kan sassaucin lasisi ne baki ɗaya. Bai auna ko sa'o'i 16 sun fi sa'o'i 4 amfani ba, tambayar da 'yan majalisun jihohi suka fi buƙatar amsarta.

Wasu jihohin sun nemi mafita a tsakani. South Carolina ta soke wajabcin lasisi, amma ta tanadi horo kyauta ga duk mai so. Texas ta umarci hukumar tsaronta ta sanya darasi kyauta a intanet.

Inda aka dosa

Fagen da ya rage shi ne majalisar tarayya. Akwai ƙudurin da ke neman kowace jiha ta amince da iznin ɗaukar bindiga na sauran jihohi. Majalisar wakilai ta amince da irinsa a Disamban 2017, amma bai tsallake majalisar dattawa ba, kuma magoya bayansa na ci gaba da gabatar da shi. Idan ya zama doka, baƙon da ya fito daga jihar da ba ta neman horo zai iya yawo da bindigarsa a titunan New York, kusa da ɗan garin da ya shafe sa'o'i 18 yana koyo.