Lissafin abin da ke ƙasa da sifiri

Wanda ya fito makarantar yaƙi da jahilci, in aka ba shi riƙon littafin kuɗin ƙungiyar manoma, lalle wata rana zai ci karo da wannan tambaya: yaya ake ɗebe 5 daga cikin 3?

Amsar tana cikin bashi. Manomin da ke da jika 3, ana bin shi jika 5 na takin zamani, in ya biya, saura jika 2 a wuyanshi. Ana rubuta 3 − 5 = −2. Tun shekara ta 628 wani masanin ƙasar Indiya, Brahmagupta, ya tsara dokokin wannan lissafi, yana kiran lambobin dukiya da bashi.

Bashi bisa bashi ƙaruwa yake yi: (−2) + (−1) = −3. Amma ɗebe bashi samu ne. In aka yafe mishi jika 1, to (−3) − (−1) = −2.

Wajen ninkawa, mutum 4 kowanne da bashin jika 2 sun ba da 4 × (−2) = −8. In an soke waɗannan basussuka 4 kuwa, nauyin jika 8 ya sauka daga wuyansu: (−4) × (−2) = +8. Rabawa ma haka take: alamu iri ɗaya, samu, alamu dabam, bashi.

A kula: −5 bai kai −2 ba, don mai bashin jika 5 ya fi talauci. Ma'ajin da ya mance ɗan layin nan ya maida bashi riba, ranar babban taro kuwa shi za a tuhuma. Sai a kiyaye.