Sakoyidosis da juna biyu: gaskiya da jita-jita a Birnin Zazzau

A cikin ganuwar Zazzau, macen da ta daɗe tana tari tana haki ba a ɓata lokaci wajen yanke mata hukunci: tibi ne. Sai a ware mata kwano, a janye yara daga jikinta. Sau da yawa hasashen daidai ne, domin Najeriya na cikin ƙasashen da tibi ya fi yawa a duniya, ga kuma cibiyar horaswa ta ƙasa kan tibi da kuturta nan kusa a Saye. Amma akwai wata cuta mai kama da shi har a hoton ƙirji, wato sakoyidosis, wadda likitan fata Caesar Boeck na Norway ya raɗa wa suna a 1899.

A wannan cutar, garkuwar jiki ce ke tara ƙananan ƙulli a gaɓoɓi, galibi a huhu, wajen mutum tara cikin goma, wani lokaci a fata, ido ko zuciya. Ba a ɗaukar cutar ta tari, ko kwano, ko shimfiɗa, ko nono. Ware uwa daga 'ya'yanta saboda ita zalunci ne kawai. Wadda ta sha maganin tibi wata shida babu sauƙi, gwajin majina kuma bai nuna ƙwayar ba, ya kamata a tura ta wajen likitan ƙirji, kamar a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.

Ana kuma cewa mai sakoyidosis ba ta haihuwa. Ƙarya ne. Yawancinsu suna ɗaukar ciki su sauka lafiya, cutar ma takan lafa a lokacin cikin, sai dai tana iya tasowa watanni kaɗan bayan haihuwa. Inda zancen yake da ƙamshin gaskiya shi ne wadda huhunta ya yi tabo sosai, ko jini ya hau a jijiyoyin huhu, ko cutar ta taɓa zuciya. Wannan kam, a duba ta tun kafin ciki ya shiga.

Batun magani ne ya fi haɗari, kuma nan ne shawarar gidan suna ke ɓarna. A cikin magungunan cutar, methotrexate da mycophenolate suna nakasa ɗan tayi, dole likita ya dakatar da su kafin a ɗauki ciki. Prednisolone kuwa ana shan sa da ciki da shayarwa ƙarƙashin kulawa, kuma yanke shi farat ɗaya bayan dogon sha yana iya jefa mace cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Hatta ƙwayoyin kalsiyom da bitamin D, waɗanda ake ɗauka alheri ne ga kowace mai ciki, suna iya hawar da kalsiyom a jinin mai sakoyidosis har ƙoda ta wahala. Ta sanar da ma'aikatan awo cutarta, ko a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan take awon, ko a ƙaramin asibitin unguwa.

Sai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya kan gasasshen gado. Mai jego da ke shan prednisolone, maganin da shi kansa ke riƙe gishiri ya hawar da jini, ba ta da buƙatar ƙarin kanwa, komai nacin kakar jariri.

Gadon cutar fa? Cutar takan ɗan fi bayyana a dangin mai ita, amma mafi yawan 'ya'yansu ba sa yin ta. Abin da yaran za su fi gani a gida shi ne gajiyar uwa, wadda dangin miji kan fassara da lalaci, alhali tana cikin manyan alamomin cutar.