"Ai Kunya Ce Da Ita": 'Yan Mata Masu Otizim Da ADHD, Da Irin Mutanen Da Suke Buƙata A Kusa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Bari in fara da 'yar yayata. Yarinya ce da ake yabo a duk gidan biki: ba ta surutu, ba ta rigima, inda aka ce ta zauna nan za a dawo a same ta. Kowa sai ya ce, "Kai, wannan akwai kunya." Abin da ba sa gani shi ne bayan an koma gida. Tana shiga ɗaki za ta toshe kunnuwa ta yi ta kuka, ba wanda ya san me aka yi mata. Wasu suka ce shagwaɓa ce, wasu suka ce iska. Sai da ta kai shekara 13 likita ya ce otizim ne. Ranar Yaya ta ce mini, "Wallahi ba sunan abin ne ya dame ni ba, shekarun da na yi ina ganin ni kaɗai ce a duniya."

To, mene ne su? Otizim, wanda wasu ke kira galahanga duk da kalmar tana haɗa lalurori daban-daban a bakin mutane, yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farko. Yana shafar mu'amala, da gane zance mai harshen damo, da yadda mutum ke jin ƙara, haske ko ƙaiƙayin tufa a jiki. Ita kuma ADHD wahalar tsayar da hankali ce, da mantuwa, da gaggawa, wani lokacin da ƙiriniya. Ba rashin tarbiyya ke kawo su ba, ba kuma allurar rigakafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, ADHD kuwa wajen 5 cikin 100. Ke nan a aji mai ɗalibai 60, ba mamaki a samu uku masu ADHD.

Me ya sa ba a gane mata da wuri? Tun 1943 da likita Leo Kanner ya bayyana otizim a Amurka, cikin yara 11 da ya duba 8 maza ne, kuma an daɗe ana auna kowa da siffar namiji. An saba cewa maza 4 ne ga mace 1, amma wani nazari na 2017 ya nuna in aka bi yara aka tantance su, abin ya fi kusa da 3 ga 1. Wato akwai matan da ake tsallakewa. Da yawansu sun iya ɓoyewa: ta kalli yadda ƙawaye ke dariya ta kwaikwaya, ta haddace gaisuwa, ta daure da hayaniya har a tashi. A wajenmu kuma shiru da sunkuyar da kai ladabi ne, don haka alamar sai ta ɓace a cikin yabo. Mai ADHD kuwa, maimakon hawa katanga, sai ta zauna shiru hankalinta na can wani wuri. Ta ƙona miya, a aike ta ta manta, a yi mata laƙabi da shiririta, a ce, "Wa zai aure ki a haka?" Ƙarshen wannan ɓoyo gajiya ce, da fargaba, da ciwon damuwa.

Nan ne maganar abokai ta shigo. A 2020 masu bincike a Jami'ar Edinbura sun yi wani gwaji da manya: a ba mutum ɗaya labari, ya faɗa wa na gaba, a haka har mutum takwas. Layin masu otizim zalla ya riƙe labarin daidai da layin marasa shi. Inda labarin ya fi zubewa shi ne layin da aka gauraya su. Kun ga ashe rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce. Saboda haka yarinya na buƙatar abu biyu: ƙawa irinta da ba sai ta yi wasan kwaikwayo a gabanta ba, da kuma mu sauran, mu koyi yarenta.

Ke ƙawa, ga naki aikin. Yi mata magana kai tsaye, ban da habaici. In za ku fita, faɗa mata ina ne, su wa za su zo, ƙarfe nawa za a dawo. In ta ce ta gaji da kiɗan biki, raka ta waje, kada ki ce wulaƙanci ne. In mai ADHD ta manta ba ta amsa saƙonki ba, sake turawa. In jarrabawa ta matso, zauna kusa da ita kowa na karatunsa, zaman kaɗai yana taimaka wa da yawansu su fara. Kuma ki sa ido, don wadda ke ɗaukar magana yadda aka faɗe ta tana da sauƙin yaudara, ko a hannun samari ko ƙawayen banza, musamman a intanet.

Iyaye fa? Abin da ya ɗaga Yaya shi ne wata uwa da suka haɗu a layin ganin likita. Suka karɓi lambar juna, yanzu su biyar ne a WhatsApp, duk wata kuma su haɗu a gidan ɗaya. Uwaye na hira a tsakar gida, 'yan matan na ɗaki, wata na zane, wata na saƙa, ba mai tilasta wa wata magana. A nan ake koyon yadda za a yi wa malamar aji bayani, da yadda za a shirya yarinya tun kafin ta fara al'ada, da amsar da za a ba dangin miji. Doka ɗaya ce: sirrin yara ba ya fita, hotonsu ma haka. Iyaye maza, ku ma ku shigo, kalma ɗaya daga uba tana kashe gorin dangi. Yayye da ƙanne kuma a yi musu bayani, kada a mayar da su 'yan raino kawai.

Sai dai zaman ƙawaye ba ya maye gurbin likita, bidiyon TikTok kuma ba gwaji ba ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, ga kuma asibitocin koyarwa. Ku tafi da bayanin abin da kuka lura da shi tun tana ƙarama.

Kwanaki na tambayi 'yar tawa me ta fi so a zaman nan nasu. Ta ce, "Anti, a can ba wanda ke ce mini me ya same ki."

In akwai irinta a ajinku ko a gidanku, wannan makon ku zauna kusa da ita. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.