Rumbun Gwauraye da Marayu

Maganar hatsi ce ta kai ni wannan ƙauye da ke gindin duwatsun Mandara, a arewacin jihar Adamawa. Wani direba mai jigila tsakanin Mubi da Michika ne ya ba ni labarin wata majami'a da ke tara dawa da masara tun kaka. Ko farashi ya ninka ba ta sayarwa, sai damina ta yi nisa sannan ta buɗe ta raba wa mabukata. A zamanin da kowa ke ɓoye buhunsa yana jiran tsada, na ga ya dace in je in gane wa idona.

Na isa cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka. Bayan ruwa da gaisuwa, faston ya ce maganar rumbu ta Zumuntar Mata ce, ya sa yaro ya raka ni bayan majami'a.

Ɗaki ne na bulo mai rufin kwano. An jera buhuna a kan itace don kada danshi ya taɓa su. Dawa da masara suna gefe guda, wake kuwa yana cikin irin buhun nan mai leda biyu a ciki, an matse iska an ɗaure bakin kowace leda daban, yadda ƙwaro ba zai samu numfashi ba. A jikin ƙusa an rataye mudu da wani littafi da ya sha hannu har bangonsa ya yi baƙi. Makullin ɗakin yana ƙulle a bakin zanin shugabar matan, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama.

Ta hanya uku hatsin ke shigowa. Akwai baikon godiya da ake yi bayan girbi, ranar da manoma ke shigowa sujada da dami a ka, wani da buhu, wani da kwano guda. Akwai gonar ikkilisiya da matasa ke nomawa ta hanyar gayya. Ta ukun ita ce ta matan: duk wadda za ta kai niƙa sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a wata tukunya, ranar taron zumunta ta kawo abin da ya taru. Mama ta ce wannan cikin hannun ya fi komai albarka, domin shi ne ba ya yankewa.

Taimakon maƙwabci ba baƙon abu ba ne a majami'un wannan yanki. Tun 1923 da masu mishan suka sauka a Garkida, asibiti da makaranta suke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wa'azi. Amma wannan rumbu ba mishan ba ne suka kafa shi. Wahala ce ta haife shi.

A watan Satumba na 2014 Boko Haram ta kama Michika, a ƙarshen Oktoba kuma Mubi ta faɗa hannunsu. Mama ta zaunar da ni a kan benci, ta ba ni labarin nata rabon.

"Ɗana, dawa tana tsaye a gona muka gudu. Maigidana ya ce in hau dutse da yara, shi zai koma ya ɗauko tsohuwarsa. Rabona da shi ke nan. Muka kwana a dutse, muka gangara ta Kamaru, ƙafafun yara duk sun fashe. A wata ruga wata Bafulatana ta gan mu. Ba ta tambayi sunana ba, balle addinina. Ta dama fura ta ba yara, ta ƙulla mini gari a tsumma. Daga baya muka isa Yola, nan ma abincin mutane muka ci wata da watanni. Na san yadda hannu ke nauyi idan za a miƙa shi a karɓa."

Da suka dawo a 2015, sun tarar da rumbuna a ƙone, majami'a babu rufi. Ranar da matan suka fara taruwa suka dubi juna, suka ga gwauraye sun yi yawa a cikinsu. Agajin da ke zuwa daga waje yakan zo ya wuce. Sai suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, suka fara da tukunya ɗaya.

Na tambaye ta su wa ake ba. Ta buɗe littafin. Gwauraye ne da marayu, da tsofaffin da ba su da mai noma musu, da naƙasassu, da masu doguwar jinya. Sunayen ba na 'yan majami'a kaɗai ba ne. Mai unguwa yana kawo suna, limamin garin ma yana aiko da nasa. "Tare muka gudu, tare muka dawo," in ji ta. "Wadda ta ba 'ya'yana fura salla take yi. Da wane ido zan dubi Ubangiji idan na tsallake gidan irinta?"

Ba a kiran kowa ya zo ya yi layi. Bayan faɗuwar rana mata biyu za su ɗauki kwano a rufe da mayafi, su shiga gida kamar masu zuwa gaisuwa, su ajiye a bakin madafa su fito. Mama ta ce akwai wanda zai gwammace ya kwana da yunwa da a ce an gan shi da ƙoƙon bara, kuma bai kamata a ciyar da mutum a zubar masa da mutunci ba.

Da yamma na bi su gidan wata tsohuwa Musulma da ke riƙe da jikokinta, waɗanda ubansu bai dawo ba. Mun same ta tana tsinke tafasa, tukunya na kan murhu babu abin tuƙawa. Da ta ɗaga mayafin ta ga dawa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya raya muku zuri'a." Kafin mu fita ta tura jikanta ya kamo mana 'yar kaza. Da ƙyar matan suka lallashe ta ta bar abarta.

A hanyar dawowa ne Mama ta faɗa mini abin da ke hana ta barci. Taki ya yi tsada, kuɗin mota ya hau tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, gonakin da ke nesa da gari kuma har yanzu wasu ba su saki jiki da zuwa ba. Waɗanda suka saba kawo dami sun koma kawo kwano. Wasu da sunansu ke shafin masu bayarwa bara, bana sun koma shafin masu karɓa. Masara ba za ta nuna ba sai Satumba, buhunan kuma sun kusa ƙarewa.

"Da can mudu huɗu muke kai wa gida, yanzu biyu. Daren jiya mun zauna da littafin nan muna neman wanda za mu jinkirta wa. Kowane suna na san fuskarsa, na san yaran gidan. Mun yi addu'a mun tashi ba mu cire kowa ba. Muka ce a ƙara rage mudun."

Na tambaye ta me suka fi bukata. Ba ta ambaci abinci ba. Ta ce iri mai saurin nuna, da taki a kan lokaci, da injin niƙa wanda kuɗinsa zai riƙa sayen hatsi tun yana araha. Burinta shi ne gwauruwar da aka kai wa kwano bana ta noma nata baɗi, har ta zuba cikin hannunta a tukunya.

Waɗannan mata ba masu hali ba ne. Da yawansu sau ɗaya suke tuƙa tuwo a rana cikin wannan wata. Duk da haka sun riƙe gidajen da in ba don su ba da tuni sun watse, sun kuma riƙe zumuncin da tashin hankali ya so ya tsinka tsakanin Kirista da Musulmi. Abin da suke yi bai fi ƙarfin kowace unguwa ba, ko ta majami'a ko ta masallaci. Kaka na tafe. Duk wanda Allah ya ba amfanin gona, ya ware wani abu tun yana masussuka, ya tuna da gidan da za a kwana babu wuta a murhu idan Agusta ta zagayo.