Sauri ya haifi nawa: Yadda milimita ɗaya ke kashe kayan ɗakin amarya a Katsina

Ranar jere komai lafiya lau yake. Gado na sheƙi, wadarof na ɗaukar ido, ƙawayen amarya na ta ɗaukar hoto. Sai bayan damina ɗaya asiri ke tonuwa: ƙofar wadarof ta ƙi rufuwa, dirowa ta cije, gado na kuka duk lokacin da aka zauna a kansa. Uban amarya da ya yi shekara yana tara kuɗin kayan, wani har da sayar da dabba, shi ne kuma zai koma neman mai gyara.

Yawanci katako ake ɗora wa laifi. Amma sau da yawa cutar na ɓoye ne a mahaɗa, wato wurin da katako biyu suka haɗu, inda idon mai saye ba ya kaiwa.

A Ƙofar Sauri, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin birnin Katsina, kamar sauran unguwannin birnin, aikin kafinta ya sauya daga yadda aka san shi. A da zarto da guduma da ƙusa ne jarin sana'ar. Yanzu yawancin kayan ɗaki da allunan MDF da filawud ake yin su, masu tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4. Ƙaramin kafinta da ba shi da inji kan ɗauki allunansa zuwa wurin masu inji, a yanka masa ya biya.

Injin da ke tafiya da katako

Injin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne zarto mai tebur mai zamewa, wanda wani Bajamushe, Wilhelm Altendorf, ya ƙirƙiro a 1906. A injin yanka na gargajiya, kafinta ne ke tura katako da hannu a kan tebur, don haka ko yaya hannu ya karkace, yanka ya karkace. A wannan kuwa ana ɗora allon a kan tebur, teburin ne ke zamewa a kan layin ƙarfe ya wuce ta gefen zarton.

Da yawa daga cikin irin waɗannan injuna na da ƙaramin zarto a gaban babban, mai juyawa ta baya, wanda ke fara tsaga fatar allon ta ƙasa don kada bakin yankan ya yi gatse-gatse.

Sai dai inji ba ya tunani. Idan sandar da ake jingina allon da ita ta goce daga digiri 90, haka zai yi ta yanka karkatacce tun safe har Magariba.

Akwai gwajin da ke tona wannan. Ana ɗaukar guntun allo a yanke gefensa ɗaya, a juya, a sake yankewa, har a zagaye ɓangarori huɗu. A yanka na biyar sai a fitar da siririn tsinke daga gefen farko, a auna kansa da gindinsa. Idan ba su zo ɗaya ba, bambancin ninki huɗu ne na kuskuren sandar. Gwajin ba ya cin minti goma, amma mai inji da ke da layin mutane na jira ba kasafai yake tsayawa yin sa ba.

Jig: jagoran da ba ya gajiya

Abu na biyu shi ne jig, wato wani ɗan abin riƙo da kafinta ke haɗawa da ragowar katako domin ya riƙe aiki a wuri ɗaya, ya kuma maimaita yanka iri ɗaya komai yawansa.

Mafi sauƙi shi ne ɗan toshe da ake ɗaurewa a jikin sanda. Maimakon a auna ƙafafun gado huɗu da tef ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata kuskuren fensir, sai a tura kowace ta taɓa toshen. Duk su fito tsawo ɗaya. Bakin zarto kansa na cinye kusan milimita 3, kuma wanda ya yanka a wancan gefen layin fensir ya riga ya yi asarar su.

Sai haɗin harshe da rami, wanda ke riƙe gado da kujera da ƙofa. Ƙa'idar da aka gada ita ce kaurin harshen ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. Jig ɗin wannan aiki na tsayar da katakon a miƙe, a ɗaure, yayin da teburin ke kai shi ga zarto. Harshen kirki da tafin hannu ake tura shi cikin rami. Idan sai an sa guduma, zai tsaga katakon. Idan ya faɗa da kansa, gam ba zai cece shi ba, domin gam ɗin katako manne fuska biyu yake yi, ba cike rami ba.

Firam ɗin madubi kuma na da kusurwa huɗu, yanka takwas, kowane digiri 45. Kuskuren rabin digiri a kowane yanka ya zama digiri 4 idan an haɗa, kuma a kusurwar ƙarshe zai buɗe baki. Maganinsa jig mai sanduna biyu da suka haɗu a daidai digiri 90: a yanka ɗaya ta dama, abokinsa ta hagu, kuskuren wannan ya rufe na wancan.

Yanayi da aljihu

A Katsina iskar hunturu na busar da katako ya tsuke, damina ta zo ya sha laima ya kumbura. Mahaɗar da tun farko ke da giɓi, wannan kai-komo ne ke ƙarasa ta. Shi ya sa cusa garin katako da gam a cikin giɓi a shafe da fenti, yaudara ce mai wa'adi.

Ga kuma tsada. Tun bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin dakon katako daga kudancin ƙasar da farashin allunan da ake shigowa da su sun tashi. Allo ɗaya da aka ɓata na iya cinye ribar aiki.

Jig na kare yatsu ma. Jamusawa na da wani da suke kira Fritz da Franz, katako biyu da ke matse ƙaramin aiki a tsakaninsu a kan teburin, hannun mai yanka na can nesa da zarto. Wannan ya fi muhimmanci ga yaran shago, waɗanda su aka fi bar wa ƙananan yanka.

Cibiyoyi irin su Katsina Youth Craft Village, da aka kafa zamanin gwamnatin Ibrahim Shehu Shema, na koyar da kafinta. Amma akasarin matasa a gaban maigida suke koyo, kuma abin da suka ga yana yi shi za su ɗauka.

Shi kuwa mai saye yana da nasa gwajin kafin ya cika kuɗi: ya auna wadarof daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, awon ya zo ɗaya, ya ja dirowa ya mayar, ya girgiza kan gado, ya kuma nemi ganin mahaɗa kafin a yi fenti. Kafintan da ya yarda da aikinsa ba zai hana ba.