Bahon Wanka da Shawa a Banɗaki Ɗaya: Abin Dubawa Kafin a Fasa Tayil

A gidaje da dama na Kano, Kaduna da Abuja, duk wanda ya leƙa banɗakin maigida zai tarar da farin baho mai sheƙi, a cikinsa kuma ga bokiti da moda. An kashe kuɗi an girka shi, amma bai taɓa cika da ruwa ba. A tsaye ake wanka a cikinsa, ana dafa bango saboda santsi. Galibi kuskuren tun daga kasuwa ya faro, ko a Ƙofar Ruwa ko a Dei-Dei, inda mai saye ya bi kyan ido ya manta da yadda iyalinsa ke wanka.

Maganar farko ta ruwa ce. Bahon da aka fi samu, irin na Turai, tsawonsa santimita 170 ne, faɗinsa 70. Na Amurka ya ɗan fi gajarta, inci 60, wato kusan santimita 152. Cika irin wannan baho na cin wajen lita 150, jarka shida ke nan ta 'yan garuwa, alhali bokiti ɗaya na lita 20 ya ishi babba. Ga kuma hita: mai lita 50 kan ɗauki fiye da awa ɗaya da rabi kafin ta yi zafi sosai, in wuta ta tsaya. Gidan da ke da hita mai lita 15 ba zai taɓa jin daɗin kwanciya a ruwan ɗumi lokacin hunturu ba, kowane irin baho aka saya.

Tunda yawancin wankan a tsaye za a yi shi ƙarƙashin shawa, sigar da ta dace ita ce wadda ake cusawa tsakanin bango uku, gefe ɗaya kawai a buɗe, a sa masa labule ko gilashi. A nemi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai ɗan kaushi, musamman ta ɓangaren famfo. Bahon da ke tsaye shi kaɗai a tsakar ɗaki, wanda hotunan otal suka sa mutane sha'awa, bai dace da shawa ba, don ruwa zai fantsama ta ko'ina ya kwanta a bayansa inda tsintsiya ba ta kaiwa. Na kusurwa kuwa cin fili gare shi.

Sai abin da aka ƙera bahon da shi, kuma a nan ne mai saye ya fi ruɗewa, don a shago duk farare ne. Mafi tsufa shi ne na zubin ƙarfe mai rufin tangaran. A 1883 ne John Michael Kohler, a garin Sheboygan na jihar Wisconsin a Amurka, ya lulluɓe kwamin shayar da dabbobi da tangaran, ya sa masa ƙafafu, ya sayar a matsayin bahon wanka. Kamfaninsa na nan har yau. Irin wannan baho yakan yi shekaru gommai, yana riƙe ɗumi, ba ya motsi in an taka. Aibinsa nauyi: shi kaɗai ya haura kilo 100, in aka haɗa da ruwa da mutum a wuce 300. Hawa da shi bene aikin ƙarti ne, kuma a tsohon gini ya kamata injiniya ya duba dakin tukuna.

Na biyu siririn ƙarfe ne da aka matse, shi ma mai tangaran. Ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, sai dai halinsa halin langa ne: da abu mai nauyi ya faɗo ya ɓantare rufin, tsatsa ta samu ƙofa. Yana da ƙara in shawa na zuba, ruwa kuma na saurin hucewa a ciki.

Na roba mai ƙarfi, wato akirilik, shi ya cika kasuwa yanzu. Mutum biyu sun ɗauke shi, ba shi da sanyi a jiki, kuma in ya karce ana iya goge shi. Amma ba ya son soson ƙarfe ko toka, abin da masu wanke banɗaki ke yawan kai masa idan ruwan burtsatse ya bar tabo. Akwai kuma na fayiba zalla, mai araha, wanda ke lanƙwasa ƙarƙashin ƙafa har ya tsage. Gwajinsa mai sauƙi ne: a danna tsakiyarsa da tafin hannu tun a shago, in ya lotsa a bar musu kayansu.

Mai feso ruwa da ake kira Jacuzzi ya samo sunansa ne daga wasu 'yan asalin Italiya da suka zauna a Kalifoniya. Roy Jacuzzi ya fito da irinsa a 1968. Yana buƙatar wuta, da waya mai kariya daga jan lantarki, da wanke bututu a kai a kai. Inda injin zai yi watanni bai tashi ba, ruwan da ya kwanta a bututun wari yake yi.

Abin da ya fi damun mai lura shi ne tsofaffi. Bakin baho yakan kai santimita 40 zuwa 55 daga ƙasa, kuma tsallake shi da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai ciwon gwiwa ko mai juna biyu. Ko ɗaga ƙafa a wanke wajen alwala wahala ce. In Baba ko Hajiya ne za su yi amfani da banɗakin, shawa a daɓe da kujerar zama ta fi musu, baho ya koma ɗakin yara. In kuwa dole ne, a kafa maƙalin ƙarfe a bango da ƙusoshi masu shiga bulo.

Wajen girkawa, masu aiki kan rufe gefen baho da bulo da tayil ruf, ranar da bututun ƙasa ya fara yoyo sai an yi fashe-fashe. A bar 'yar ƙofa ta ɓangaren magudana. Kafin a shafa silikon a inda baho ya haɗu da bango, a cika shi da ruwa don ya zauna da nauyinsa, a shafa, a bar shi ya kwana. Washegari a zare toshiyar, a haska tocila ta wannan ƙofa a ga ko ƙasan ya jiƙe, sannan a biya mai aikin famfo cikon kuɗinsa.